Yadda Ake Karanta Tsofaffin Taswirori a Wayar Hannu: Darasi Daga Bunƙasar Birnin Kano

Manhajar Google Maps da ke cikin kusan kowace wayar Android tana nuna gari ne kamar yadda yake a yau: tituna, gidajen mai, masallatai da shaguna. Ba ta faɗin abin da ke wurin kafin a yi ginin. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi damun wanda ke tara kuɗin sayen fuloti, ko wanda gidansu ke shan ruwa duk watan Agusta. Unguwanni da dama a garuruwan Arewa an gina su ne a kan fadama, ko kududdufin da aka cike da shara, ko rafin da ke ƙafewa da rani. Dillali yakan kai mai saye ganin fili a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau, kuma ba lallai ne ya faɗa masa tarihin wurin ba. Tsohuwar taswira tana iya faɗa.

Wannan darasi zai nuna wa mai karatu yadda ake karanta irin waɗannan taswirori, da inda ake samunsu, da yadda ake ɗora su a kan taswirar yau. An ɗauki Kano a matsayin misali saboda irin girman da ta yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a ƙarshe a gwada dabarar a yankin Mabai, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Wace irin taswira ake nufi?

Ana nufin taswirar tudu da kwari, irin wadda ɗaliban jogirafi ke gani a jarrabawar WAEC. Bayan hanyoyi da garuruwa, tana ɗauke da siraran layuka masu ruwan ƙasa da ke lanƙwasa ko'ina a jikinta. Kowane layi ya haɗa wuraren da tsayinsu daga matakin teku ɗaya ne. A nan za a kira su layukan tsayi. Ƙa'idodi uku sun isa mai koyo ya fara da su.

Na farko, idan layukan suka matsu da juna, wurin gangare ne mai tsanani. Idan suka yi nesa da juna, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce.

Na biyu, idan suka zagaye juna kamar zobe a cikin zobe, kuma lambobin suna ƙaruwa zuwa tsakiya, dutse ne ko tudu.

Na uku, idan suka lanƙwashe kamar harafin V a jere, kwari ne da ruwa ke bi, kuma tsinin harafin yana kallon inda ruwan ke fitowa. Ko babu shuɗin layi a wurin, da damina ta nan ruwa zai gangaro.

Shuɗin layi rafi ne ko kogi. Ƙananan alamu masu kama da tushen ciyawa suna nuna fadama ko wurin da ruwa ke kwanciya. Fassarar kowace alama tana ƙasan takardar, don haka kada a yi hasashe, a duba.

Su wa suka zana su?

A shekarar 1946, bayan an gama yaƙi, Birtaniya ta kafa hukumar safiyo mai suna Directorate of Colonial Surveys a ƙarƙashin Martin Hotine, domin zana taswirorin ƙasashen da take mulka. A 1957 aka sauya mata suna zuwa Directorate of Overseas Surveys. Dabararta ita ce jirgin sama ya riƙa shawagi a layi yana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna. Idan aka saka hotuna biyu na wuri ɗaya a cikin na'ura, sai tudu ya taso, kwari ya nutse, kamar yadda idanu biyu ke sa mutum ya gane nisa. Daga nan ake fitar da layukan tsayi. Wannan hukuma da hukumar safiyo ta tarayyar Najeriya su ne suka samar da akasarin taswirorin da har yau jami'o'i ke aiki da su.

An yanka Najeriya gida-gida, kowane gida da lambarsa da sunan babban garin da ke ciki. Zariya ita ce takarda ta 102, Funtuwa ta 78. Kowane gida kuma an raba shi huɗu: arewa maso yamma, arewa maso gabas, kudu maso yamma da kudu maso gabas. Kowane kashi ya ɗauki faɗin ƙasa kimanin kilomita 27 a kowane ɓangare. Sojojin Amurka da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet su ma sun zana nasu taswirorin Afirka a zamanin yaƙin cacar baka, kodayake nasu ba su kai waɗannan bayani dalla-dalla ba.

Abubuwa huɗu da ake dubawa a gefen takarda

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su faɗa tsakiyar taswira suna neman sunan garinsu. Gefen takardar ne ke faɗin ko za a amince da ita.

1. Ma'auni. Idan an rubuta 1:50,000, santimita ɗaya a takarda mita 500 ce a ƙasa, wato santimita biyu kilomita ɗaya. A 1:250,000, santimita ɗaya kilomita biyu da rabi ce. A 1:1,000,000, kilomita goma ce. Mai binciken unguwa yana buƙatar ta farko. Sauran biyun na ganin yanki ne gaba ɗaya.

2. Shekara. Sau da yawa shekaru biyu ake rubutawa: shekarar da aka ɗauki hoton sama, da shekarar da aka buga takardar. Tsakaninsu kan kai shekaru da dama. Taswira tana nuna ƙasa ne a shekarar hoton, sai ɗan gyaran da aka yi daga baya. Idan gefen ya yage, sunan jiha zai taimaka. A yankin Katsina, Northern Region na nufin kafin 1967. North-Central State na nufin tsakanin 1967 da 1976. Kaduna State na nufin tsakanin 1976 da 1987, domin a ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

3. Tazarar layukan tsayi. A yawancin tsofaffin takardun 1:50,000 na Najeriya ƙafa 50 ce, wato mita 15 da ɗoriya. Wayar hannu kuwa da mita take nuna tsayi. Wanda ya ga 2000 a takarda ya raba da 3.28, zai samu kimanin mita 610.

4. Tushen awo. Tsofaffin taswirorin Najeriya an auna su ne daga wata alama da ke kusa da Minna, shi ya sa ake kiran tsarin da sunan garin. GPS na waya yana aiki da tsarin WGS 84. Idan aka kwafi lambobin wuri daga tsohuwar takarda aka zuba su a waya ba tare da juyawa ba, wurin zai goce da kimanin mita 80 ta gabas da yamma. Wannan ya kusa tsawon filin ƙwallo.

Abin da taswirori ke nunawa game da Kano

Ƙidayar 1952 ta samu mutane kimanin 130,000 a birnin Kano. A 1963 sun kusa 300,000. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun haura miliyan biyu da dubu ɗari takwas. Lambobi sun nuna yawan mutanen. Taswira ce ke nuna inda aka zuba su.

Kafin zuwan Turawa, ko cikin ganuwa ma bai cika da gidaje ba. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yi zanen birnin, ya nuna cewa babban sashe na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Kafin shi, Hugh Clapperton ya zo a 1824, ya kuma ambaci fadamar da ta ratsa birnin kusa da kasuwa, wato Jakara. Cikin birni kuma cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙa ana ɗiban ƙasar gini. Da damina su ne ke shanye ruwan unguwa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, sai gari ya fara fita ta gabas: Sabon Gari, Nasarawa, wajen tashar jirgin ƙasa da kantunan kamfanonin gyaɗa da fata. Bayan yaƙi masana'antu suka taru a Bompai, ma'aikata suka cika Tudun Wada da Gwagwarwa. An yi wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya rubuta rahotonsa. A 1967 Kano ta zama hedikwatar jiha, kuɗin man fetur ya biyo baya, aka buɗe rukunin masana'antu a Sharaɗa da Challawa ta kudu. Wuraren da a da gonaki ne da ƙauyuka, irin su Hotoro, Naibawa, Ɗorayi, Kurna da Rijiyar Zaki, duk suka shige cikin gari.

Idan aka ajiye takardar farkon shekarun 1960 kusa da hoton tauraron ɗan'adam na yau, abubuwa uku ne za su fito fili. Na farko, akwai abubuwan da ba su motsa ba: Dala, Gwauron Dutse, layin dogo da ƙofofin gari. Na biyu, akwai abubuwan da babu su a da. Mai neman tafkin Tiga a taswirar wancan lokaci ba zai same shi ba, domin a 1974 aka kammala madatsar. Na uku, akwai abubuwan da suka ɓace daga ido amma suna nan a ƙarƙashi: kududdufan da aka cike aka yi gini, da ƙananan rafukan da suka koma kwata ko titi.

Wannan na uku shi ne gundarin darasin. Gini yana sauya fuskar ƙasa, amma da wuya ya sauya gangarenta. Ruwan arewacin birnin har yau Jakara yake bi, na kudu kuma Challawa yake nufa. Rafin Getsi da ya ratsa ta Bompai shi ne ke kwashe ruwan masana'antun wurin ya kai Jakara. Hasali ma siminti da kwalta da rufin kwano suna hana ƙasa shan ruwa, don haka ruwan da ke isa kwari a yau ya fi na da yawa, kuma ya fi saurin isowa. Sunayen wurare ma shaida ne. Wanda ya ji Kwarin Gogau ya kuma ji Tudun Maliki ya san inda ruwa zai fi so.

Mai 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba yana iya yin wannan gwaji a kan Legas, inda sauyin ya fi ban mamaki, saboda can har bakin teku aka matsar. Tashar jiragen ruwa ta Tin Can a 1977 aka buɗe ta. Gadar Third Mainland a 1990 aka kammala ta, a shekarar da aka rushe unguwar Maroko. Wurare da yawa da a yau benaye ke tsaye a kansu a ɓangaren Lekki, fadama ce da aka cike da yashi.

Inda ake samun tsofaffin taswirori

A intanet, shafin OldMapsOnline yana ba da damar a zuƙo wuri a kan taswirar duniya, sai ya jero tsofaffin taswirorin wurin da ke ɗakunan karatu daban-daban. Ɗakin karatu na Perry-Castañeda a Jami'ar Texas ya saka taswirorin Afirka na sojojin Amurka kyauta. Akwai kuma tarin David Rumsey da ke Jami'ar Stanford.

Da yawa daga cikin taswirorin ƙasa da ƙasa lamba suke ɗauke da ita, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Harafin N na nufin arewa da layin da ya raba duniya biyu. Harafi na biyu yana tafiya ne digiri huɗu-huɗu: A daga 0 zuwa 4, B daga 4 zuwa 8, C daga 8 zuwa 12, D daga 12 zuwa 16. Lambar kuma digiri shida-shida ce zuwa gabas: 31 daga 0 zuwa 6, 32 daga 6 zuwa 12. Saboda haka Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Funtuwa suna NC-32, birnin Katsina yana ND-32, Legas tana NB-31. Kano ta faɗo daidai kan digiri 12, sai a duba takardun biyu.

Takardun 1:50,000 sun fi samuwa a hannu. Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya da ke Abuja shi ne magajin tsohuwar hukumar safiyo. Ana kuma iya tambaya a ofishin safiyo na jiha, ko sashen jogirafi na jami'a, ko wajen malamin jogirafi na sakandare. Idan aka samu izini, a shimfiɗa takardar a ƙasa da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe waya daidai saman takardar ba a karkace ba, a kuma haɗa da gefunan a cikin hoton.

Hotunan tauraron ɗan'adam suna cike giɓin shekarun da ba a yi sabuwar taswira ba. Daga 2024, manhajar Google Earth ta waya tana nuna hotunan shekarun baya, ba sai an je kan kwamfuta ba. Tsarinta na Timelapse yana farawa daga 1984. Wanda ke son komawa baya fiye da haka, akwai hotunan leƙen asiri na CORONA da Amurka ta ɗauka daga 1960 zuwa 1972, ta kuma sake su a 1995. Suna shafin EarthExplorer, rajista kyauta ce, amma fayilolinsu manya ne ƙwarai, gara a sauke su inda akwai Wi-Fi.

Yadda ake ɗora tsohuwa a kan sabuwa

Hoton taswira bai san inda yake a duniya ba, sai an gaya masa. Shafin Map Warper yana yin wannan aiki kyauta. Yana buɗewa a burauzar waya, kodayake ya fi sauƙi a kwamfuta.

1. A yi rajista, a loda hoton, a rubuta sunan takardar da shekararta. Idan ba a ɓoye shi ba, abin da aka loda kowa na iya gani.

2. A shiga sashen Rectify. Tsohuwar taswira za ta fito a gefe guda, ta yau a ɗaya gefen.

3. A nemi wurin da yake a duka biyun kuma bai motsa ba, a sa masa alama a nan, a sa a can. Gada, mararrabar layin dogo da titi, ƙofar gari da kan dutse sun dace. Bakin rafi da bishiya ba su dace ba.

4. Shafin yana karɓar alamu uku, amma a sa shida ko takwas, a kuma warwatsa su har kusurwoyi huɗu. Idan aka tara su a tsakiya, gefunan za su goce.

5. A latsa maɓallin daidaitawa, sannan a riƙa rage duhun tsohuwar taswirar har ta yau ta bayyana a ƙarƙashinta. Idan wani wuri ya kauce, a duba alamar da ta fi kowace yawan kuskure a jerin, a gyara ta.

6. A sauke sakamakon a tsarin GeoTIFF, a buɗe shi a manhajar Avenza Maps. Shuɗin ɗigon GPS zai nuna inda mutum yake tsaye a kan tsohuwar taswirar, ko babu data.

Gwaji a gida: Mabai da kewaye

Ba sai babban birni ne ke da tarihin ƙasa ba. Kudancin Katsina tudu ne da koguna ke tasowa daga cikinsa, kogin Sakkwato ma daga kusa da Funtuwa yake farawa. Akwai duwatsu da yawa da za su zama alamun daidaitawa, ga kuma layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929.

Wajen neman suna, a tuna Turawa ba sa rubuta ƙugiya, kuma sukan rubuta yadda kunnensu ya ji. Tsafe a takardunsu Chafe ce, Kwatarkwashi kuma Kotorkoshi. Idan sunan ƙauye bai fito ba, a bi rafi ko dutsen da ke kusa da shi.

Aikin da mai koyo zai yi shi ne ya ɗauki garinsu, ya zagaye iyakar gidaje a tsohuwar takarda, ya sake zagaye ta a hoton bana da ma'aunin faɗi na Google Earth, ya kwatanta. Sannan ya bi kowane shuɗin layi da kowane V na layukan tsayi, ya ga abin da aka gina a kansa. Daga nan ya je wurin dattawan unguwa ya tambaya: «Baba, a da ina ruwa yake kwanciya a nan?» Idan amsarsu ta yi daidai da takarda, magana ta tabbata. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da dama, ta isa tuni kan haɗarin zama a bakin hanyar ruwa.

Akwai wata fa'ida ta musamman a wannan yanki. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da yawa a Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Tsohuwar takarda tana riƙe da sunayen ƙauyuka, da hanyoyinsu, da iyakar dazuzzukan gwamnati. Matashin da ya ɗauki hotonta ya adana, ya kuma rubuta sunayen daidai da yadda mutanen wurin ke furta su, ya yi wa garinsu hidima.

Iyakar abin da taswira za ta iya

Fuloti mai ƙafa 50 da 100, a takardar 1:50,000, bai kai milimita ɗaya ba, wato ɗigon biro ya rufe shi. Saboda haka wannan taswira ba ta raba rigimar iyakar gona, ba ta kuma maye gurbin takardar mallaka ko aikin safiyo mai lasisi. Ramin da zurfinsa bai kai tazarar ƙafa 50 ba yana iya faɗawa tsakanin layuka biyu ya ɓace, shi ya sa ake haɗa ta da hoton sama da bakin dattawa.

A kuma kiyaye da kai. Kada a shiga daji ko ƙauyen da aka tashi don a tabbatar da wani dutse, hoton tauraron ɗan'adam ya wadatar. Kada a tsaya ana ɗaukar hoto ko saka alama kusa da sansanin jami'an tsaro.

Wanda ke shirin sayen fili ya yi abu uku kafin ya biya: ya duba wurin a tsohuwar taswira, ya duba shi a hotunan Google Earth na shekaru daban-daban, ya kuma je da ƙafarsa washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Idan ya samu shuɗin layi ko alamar fadama a ƙarƙashin fulotin, to ya san dalilin arahar.